Tsare yara daga haɗurran gida, da sanin lokacin da za a ruga asibiti

Yawancin haɗurran da ke samun ƙananan yara a cikin gida suke faruwa, sau da yawa ma uwa tana nan tsakar gidan. Tukunyar kunu ce aka sauke a ƙasa, ko bokitin wanki aka bari da ruwa, ko kwalbar lemo aka zuba wa kananzir. Yaro mai rarrafe bai san wuta ba, bai san guba ba, abin da hannunsa ya kai kuwa bakinsa zai kai. Kawar da waɗannan abubuwa rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne sanin abin da za a yi a mintocin farko, da sanin ƙofar da za a nufa da yaron. A wannan na biyun aka fi yin asara, domin ana zuwa asibiti, amma a makare.

Ƙofar da za a nufa

A birnin Damagaram akwai CSI, wato cibiyoyin kula da lafiya, a unguwanni, sannan akwai asibitin uwa da yaro da babban asibitin ƙasa na Zinder. A karkara ana farawa daga ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye, sai CSI, sai asibitin gunduma irin na Mirya, Magarya, Matamaye, Tanut ko Gure. CSI na gwajin zazzaɓin cizon sauro, yana ba da magani, yana wanke rauni da ɗinki, yana rigakafi. Ƙarin jini da tiyata da hoton ƙashi kuwa sai asibiti. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta mayar da kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a asibitocinta. Wani lokaci magani kan ƙare a rubuta muku ku sayo, saboda haka a riƙe ɗan kuɗi, amma kada rashin kuɗi a hannu ya sa a kwana da yaron da ke cikin haɗari.

Akwai alamu huɗu da ma'aikatan lafiya suke fara dubawa ga kowane yaro, kuma ya kamata kowace uwa ta haddace su: yaro ya kasa shan nono ko ruwa, yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ya yi jijjiga ko taune-taune, ko ya yi lakwas ana tada shi ba ya farkawa sosai. Ɗaya daga cikinsu ta isa. Ko ƙarfe biyun dare ne, ba a jiran gari ya waye. Idan kuna cikin birni ku wuce asibiti kai tsaye. Idan kuna ƙauye, ku tsaya CSI mafi kusa, domin a can za a yi masa allurar farko ko a sa masa maganin dubura, a ba ku takardar turawa. Wannan taimakon farko shi ke riƙe yaro a tafiya mai nisa.

Maigida, ga wani abu da ya rataya a wuyanka. Yara da yawa suna galabaita ne a lokacin da uwa ke jiran ka dawo daga kasuwa ko gona don ta nemi izinin fita. Ka ba ta izinin tun yau, a gaban mutanen gida, cewa in ta ga ɗaya daga cikin alamun nan ta ɗauki yaro ta tafi, ta kira ka a hanya. Ka ajiye mata kuɗin kabu-kabu a wurin da ta sani, ka sa mata lambar mai babur ko mai adaidaita na unguwa wanda ke ɗaga waya da dare. Lambar ƴan kwana-kwana ita ce 18, ta ƴan sanda 17.

Ruwan da muke tarawa

Kowa ya san halin ruwa a Damagaram. Ranar da famfo ya kawo, ko mai garuwa ya shigo, sai a cika tano da randuna da bido da duk wani mazubi da ke gidan. Wannan tanadin shi ne haɗarin. Yaro ɗan shekara ɗaya zuwa biyu kansa ya fi jikinsa nauyi. In ya leƙa bokiti sai kan ya rinjaye shi, ƙafafu su tashi sama, ba zai iya fitar da kansa ba. Ruwan da bai kai taƙi ɗaya ba ya isa ya rufe masa hanci da baki. Kuma ba ya kuka, ba ya fantsama ruwa. Uwa tana iya kasancewa tana shanya a bayansa ba ta ji komai ba.

Saboda haka tano ya samu murfi mai nauyi ko wanda ake ɗaurewa, faifai ba murfi ba ne ga yaro. An gama wanki ko wanka, a zubar da ruwan a kife bahon nan take. Rijiya da ramin ajiyar ruwa da bakin masai a rufe su da abin da yaro ba zai iya turewa ba. Jariri a cikin baho ba a barinsa ko na amsa sallama, a naɗe shi a zane a tafi da shi. Ba a kuma damƙa wa yarinya ƴar shekara shida tsaron ƙanenta a bakin ruwa, ita ma yarinya ce. Da damina kududdufai da ramukan da aka haƙi ƙasar gini suna cika, gefensu santsi, tsakiyarsu zurfi. Manyan yara maza su suka fi faɗawa nan.

In an ciro yaro daga ruwa, kada a ɓata lokaci wajen juya shi ƙasa ko matsa masa ciki wai ruwa ya fito. Wannan yana jawo abin da ke ciki ya koma huhu. A kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a ɗan ɗaga haɓarsa, a duba ko ƙirji na motsi. In ba ya numfashi, a hura masa iska sau 5, baki a baki tare da toshe hanci, jariri kuwa bakin babba ya rufe masa hanci da baki gaba ɗaya. Kowace hurawa ta kai ƙirjin ya ɗaga. Daga nan a danna tsakiyar ƙirji sau 30, da yatsu biyu ga jariri, da hannu ɗaya ga yaro, da sauri kamar sau biyu a daƙiƙa, zurfin kashi ɗaya cikin uku na kaurin ƙirjin. Sai hurawa 2, dannawa 30, haka har ya farfaɗo ko taimako ya iso. Ko ya farfaɗo ya yi kuka, a cire masa jiƙaƙƙen kaya a lulluɓe shi a kai shi asibiti, domin huhu kan kumbura bayan wasu sa'o'i.

Wuta da ruwan zafi

Ƙunar yara mafi yawa ta ruwan zafi ce: kunu, miya, ruwan wanka, butar shayi a kan gawayi, man suya na mai ƙosai. Fatar yaro siririya ce, abin da zai yi wa babba ja kawai shi zai saɓule masa. A kewaye murhu da ɗan gini ko a tare wurin, a daina sauke tukunya a hanyar wucewa. Ruwan wanka a fara zuba na sanyi sannan a surka da na zafi, a gwada da gwiwar hannu. Tokar murhu tana riƙe wuta a ƙasanta har washegari, a yayyafa mata ruwa. Mai goyo ta kula idan ta sunkuya kan tukunya, kuma kada a miƙa kofin shayi ta saman kan yaro.

Maganin farko na ƙuna ruwa ne, na randa ko na famfo, a yi ta kwararawa a wurin har minti 20. Minti ashirin yana da tsawo, mutane kan tsaya bayan biyu, alhali zafin yana ci gaba da cin nama a ƙarƙashin fata. A yi amfani da buta, wani yana cikawa wani yana zubawa. Ko an yi jinkiri, cikin sa'o'i uku na farko ruwan yana da amfani. Ana zubawa ana cire riga da awarwaro da guru da zobe kafin wurin ya kumbura, amma tufar da ta manne da fata a bar ta. Sauran jikin yaron a rufe shi kada sanyi ya kama shi. Ƙanƙara tana ƙara lalata fatar. Man goge baki, ƙwai, gishiri, baƙin mai, toka, tawada, duk ba su da wurin zama a kan ƙuna: suna shigar da ƙwayoyin cuta, kuma sai an kankare su a asibiti kafin a ga raunin, yaron ya sha azaba sau biyu. Kada a fasa bororo. A rufe da tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare, ko farar leda sabuwa.

Tafin hannun yaron tare da yatsunsa shi ne ma'auni, kusan kashi 1 cikin 100 na fatar jikinsa ke nan. Ƙunar da ba ta kai haka ba, ta yi ja kawai, ana iya kula da ita a gida ko a CSI. Wadda ta fi haka, ko ta taɓa fuska, hannu, ƙafa, gaɓa ko al'aura, ko ta zagaye hannu kamar munduwa, ta asibiti ce. Haka wadda ta yi fari ko baƙi kuma yaron ba ya jin zafinta, wannan ita ce mai zurfi, jijiyoyin wurin ne suka ƙone. Ƙunar jariri da ta wutar lantarki ko yaya ƙanƙantarta a kai a duba. A hanya a ci gaba da ba shi nono ko ruwa, domin ƙuna tana tsotse ruwan jiki.

In riga ta kama wuta, kada a bar yaro ya gudu, gudu hura ta yake. A kayar da shi a mirgina shi, a danne da bargo ko a kwara ruwa. Masu girki da gas su riƙa rufewa daga kan tukunyar gas ɗin kanta, su gwada tiyo da kumfar sabulu, inda ya yi ƙwai-ƙwai nan ne yake yoyo. An ji wari, a buɗe ƙofofi, ba ashana ba taɓa makunnin wuta. Fetur ɗin sayarwa ba ya kwana ɗaki ɗaya da yara.

Da hunturu akwai wata ɓarna da ba a gani. Kaskon gawayi a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana farawa da ciwon kai da jiri da amai, sai barci mai nauyi, kuma jariri ne ke fara faɗuwa. A ɗumama ɗakin, a fitar da kaskon kafin a kwanta. In aka tarar da mutanen ɗaki ɗaya duk suna ciwon kai lokaci guda, a fitar da su waje a nufi asibiti.

Abin da ya sha, abin da ya haɗiya

Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, yaro mai ƙishi zai ɗaga duk kwalbar da ya gani. Dokar ɗaya ce: kananzir, fetur, jabel, piya-piya da ruwan sodar sabulu ba sa shiga kwalbar lemo ko gorar ruwa ko kofi. A ajiye su sama, a wurin da ake kullewa. Ƙarƙashin gado ba maɓoya ba ce, nan ne ma filin wasan mai rarrafe.

Abin da aka saba yi in yaro ya sha guba shi ne a sa masa yatsa a maƙogwaro ko a ɗura masa manja ko madara don ya yi amai. A bar wannan. Kananzir da fetur ɓarnarsu a huhu take, kuma amai ne ke kai su can. Yaron da ya sha su yana iya zama lafiya ƙalau da farko, bayan wasu sa'o'i tari da haki da zazzaɓi su taso. Sodar da mata ke haɗa sabulu da ita ta fi muni. Busasshiyarta kamar sukari, jiƙaƙƙiyarta kamar ruwa, kuma kurɓi ɗaya yana ƙona maƙogwaro. In aka sa shi amai ta ƙona shi karo na biyu a hanyar fita. A kurkure masa baki da ruwa, kada a ba shi tsami ko wani abu wai ya kashe ta, a tafi asibiti ko da bakin bai nuna komai ba. Bayan makonni maƙogwaron kan tsuke har ya kasa haɗiyar tuwo. Mai sana'ar sabulu ta yi aikinta lokacin da yara ba sa kusa, ta wanke mazubin da ta gama.

Piya-piya da magungunan ƙwarin gona suna shiga ta fata ma. Alamunsu dalalar miyau, gumi, hawaye, amai, ƙwayar ido ta tsuke, ƙirji na ƙara. A cire kayan, a wanke jikin da sabulu, a ruga, akwai allurar da ke karya su. Ƙwayoyin magani na manya su ma guba ne ga yaro, musamman jajayen ƙwayoyin ƙarin jini na masu ciki da suke kama da alawa, da tramol, da maganin hawan jini na kaka da ke cikin jaka a kan tabarma. Paracetamol in ya yi yawa ba ya nuna komai a ranar farko, sai ya taɓa hanta. Kowace irin guba ce, a tafi da kwalbar ko kwalin, a kuma riƙe lokacin da abin ya faru.

Ƙaramin batir mai kama da maɓalli, na agogo da kayan wasa da ƙananan fitilu, in ya maƙale a maƙogwaro yana iya yi masa mummunar ƙuna cikin sa'o'i biyu. Ba a jira a gani ko zai fita a kashi. Yaron da ya wuce shekara ɗaya ana iya ba shi zuma ƙaramin cokali biyu duk minti 10 a kan hanya, har sau shida, tana rage ƙunar. Wanda bai kai shekara ba ba a ba shi zuma sam, ko don wannan ko don wani dalili.

Gyaɗa, aya, ƙwallon dabino, magarya, kurna da kuɗin ƙarfe su ne masu sarƙe yara. Ƴan ƙasa da shekara uku a daka musu ko a hana su. In yaro yana tari da ƙarfi, a bar shi ya yi, tarin ya fi duk wani taimako. In ya kasa kuka, ya kasa tari, fuska ta canza, lokacin aiki ne. Jariri a kifa shi a kan hannu, kai ya yi ƙasa, a yi masa dundu 5 masu ƙarfi tsakanin kafaɗu, a juyo shi a danna tsakiyar ƙirji sau 5 da yatsu biyu. Wanda ya wuce shekara, dundu 5, sannan a tsaya bayansa a sa dunƙulen hannu tsakanin cibiya da ƙahon zuciya a fizgo ciki da sama sau 5. A yi ta maimaitawa. Kada a zura yatsa ana lalube, tura abin ake ƙara yi. Yaron da ya ƙware da gyaɗa ya lafa, amma tari ya ƙi ƙarewa kwana da kwanaki, a faɗa wa likita zancen gyaɗar, wataƙila tana cikin huhu.

Faɗuwa, karaya, cizo

Yara suna faɗowa daga katanga, soro, bishiya, amalanke da duwatsun da suka cika garin nan. Wanda ya bugu a kai ya yi kuka nan take, ya koma wasa, a sa masa ido kwana ɗaya zuwa biyu. Wanda ya suma ko na ɗan lokaci, ko ya yi amai fiye da sau ɗaya, ko jini ko ruwa ya fito ta kunne ko hanci, ko barci ya yi masa yawa, ko tafiyarsa ta canza, asibiti. In ana zaton wuya ko baya ya taɓu, a ɗauke shi a kan allo ko ƙyaure, kai da jiki a miƙe. Jini kuma dannawa ke tsayar da shi: tsumma mai tsabta, a danne minti 10 ba ɗagawa, ba ƙasa ba garin magani.

Zancen karaya yana buƙatar a faɗe shi ƙarara. Hannun yaro da ya karye yana kumbura kwana biyu zuwa uku. In aka ɗaure shi tamau da karare tun ranar farko, kumburin ba shi da wurin zuwa, sai ya toshe hanyar jini. Sa'o'i kaɗan sun isa nama ya fara mutuwa, ƙarshenta a yanke hannun da karayarsa ba ta kai ta kawo ba. Karayar kusa da gwiwar hannu ita ta fi wannan haɗari. A tallafe hannun da kwali da zane sakwa-sakwa, a je a ɗauki hoto. In an riga an yi ɗori a gida, a duba yatsu kowace sa'a: sun yi sanyi, sun yi fari ko baƙi, ba ya iya motsa su, ko yana ihu in an miƙar da su, a kwance ɗaurin nan take a tafi asibiti.

Harbin kunama ga babba zafi ne, ga ƙaramin yaro yana iya taɓa zuciya da huhu. Ɗan ƙasa da shekara 5 a kai shi a duba ko da ya yi shiru, balle in ya fara gumi, amai, dalala ko haki. A riƙa kakkaɓe takalma da shimfiɗa, a kwana cikin gidan sauro da aka cusa gefensa. Saran maciji ba a ɗaure shi, ba a tsaga shi, ba a tsotse shi. A kwantar da yaron, a hana ƙafar motsi kamar mai karaya, a ɗauke shi kada ya taka. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake, yaron yana iya zama garau yau, gobe jini ya ɓalle ta dasashi da fitsari, kuma allurar kashe dafi ce kaɗai maganinsa. Cizon kare ko yaƙushin kyanwa a wanke da sabulu da ruwa minti 15 cur, a nemi allurar haukan kare a ranar. Cutar in ta bayyana ba ta da magani.

Zazzaɓi, haki da zawo

Daga Yuli zuwa Oktoba duk zazzaɓin yaro a ɗauke shi na cizon sauro ne har sai gwaji ya ce a'a. Gwajin ɗigon jini ne a yatsa, minti 15 zuwa 20, kuma ya kamata a yi shi cikin kwana ɗaya da fara zazzaɓin. Maganin kwana uku ne, safe da yamma, sha shida. Yaro kan warware a rana ta biyu, a nan ake kuskuren ajiye sauran don wani ciwon, sai cutar ta dawo. In ya amayar cikin rabin sa'a a sake ba shi. Maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana rabawa da damina ga yara daga wata 3 zuwa shekara 5 shi ma na kwana uku ne kowane wata, na rana ta biyu da ta uku a hannun uwa suke. A riƙa buɗe tafin hannun yaro ana dubawa. In ya yi fari fat, ko fitsari ya koma kalar shayi, ko ido ya yi rawaya, jini ne ke ƙarewa, wurin ƙarin jini za a nufa.

Paracetamol da nauyi ake auna shi, miligiram 15 ga kowane kilo, duk sa'a 6, kada ya wuce sau huɗu a yini da kwana. Yaro mai kilo 8 zai sha miligiram 120, wato mililita 5 na siro mai 120 a cikin 5. A karanta kwalbar domin ƙarfinsu ya bambanta, a kuma yi amfani da ma'aunin da ya zo da ita. Aspirin ba na yara ba ne. Saukar zafin jiki bayan paracetamol ba warkewa ba ce, yanayin yaron ake dubawa: yana sha, yana kallon mutane, yana wasa?

In jijjiga ta zo, a kwantar da shi a gefensa, a kawar da abin da zai buge shi, a duba agogo. Ba cokali a baki, ba ɗura ruwa ko rubutu ko jiƙo, ba hayaƙi a hanci, ba kusanta ƙafarsa da wuta. Ba zai haɗiye harshensa ba, amma abin da aka ɗura masa huhu zai tafi. Addu'a ana yin ta a kan hanya. Ta tsaya ko ba ta tsaya ba asibiti za a je, in ta kai minti 5 kuwa ba a jiran ta tsaya.

Da rani kuma sanƙarau ne abin tsoro. Tsakanin Nuwamban 2022 da ƙarshen Janairun 2023 an ƙirga mutum 559 da suka kamu a jihar Zinder, 18 suka rasu. Zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani da wuya da ya ƙi lanƙwasuwa su ne alamunsa ga babban yaro. Ga jariri wuyan ba lallai ya sanƙare ba, sai dai maɗiga ta kumbura, kuka ya ƙi tsayawa, ya ƙi nono. Ciwon wuya da kumburin maƙogwaro da farin abu a ciki kuwa yana iya zama mashaƙo, wanda ya ɓulla a yankin Matamaye a 2023. Wannan ba aikin wanzami ba ne, cire beli a irin wannan hali ƙara rauni ne a kan cuta.

Tari da mura na hunturu yawanci suna wucewa da kansu. Abin da ke raba su da ciwon huhu shi ne saurin numfashi. A ɗaga rigar yaro lokacin da yake kwance shiru, a ƙirga ɗagawar ƙirji na minti ɗaya cikakke da agogon waya. Ƙasa da wata 2, 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa shekara, 50. Daga shekara zuwa 5, 40. Wanda ya kai haka a kai shi CSI a ranar. Wanda ƙasan haƙarƙarinsa ke lotsawa ciki in ya ja numfashi, ko yake gurnani, ko leɓɓansa suka yi duhu, yana buƙatar iskar oksijin, sai asibiti.

Zawo ruwan jiki yake kwashewa, don haka mayar da ruwan shi ne magani. Ƙunshi ɗaya na garin gishiri da sukari na asibiti a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato leda biyu na piya wata mai rabin lita. In babu, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya, kada gishirinsa ya fi na hawaye. Bayan kowane zawo, ɗan ƙasa da shekara 2 ya sha mililita 50 zuwa 100, wanda ya fi haka 100 zuwa 200, da cokali, kaɗan-kaɗan. Ya yi amai, a dakata minti 10 a ci gaba. Ruwan da ya kwana ya yini a zubar a haɗa sabo. A haɗa da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, nono da abinci kuma kada a tsayar. Faɗawar maɗiga alamar ƙarewar ruwa ce, shafa mata magani ba ya ɗaga ta. Ita da zurmawar ido, da fatar ciki da aka tsunkula ta ƙi komawa, da jini a kashi, duk na tafiya ne a ranar. Kada a ce haƙori ne a zauna.

Jaririn da bai kai wata biyu ba dokarsa daban. Zafin jiki 38, ko sanyin jiki ƙasa da 35.5, ko rage tsotso, ko cibiya mai ja da ruwa, ko rawaya har tafin ƙafa, kowanne ya isa a fita da shi, ko da ba a yi suna ba, ko da uwa tana cikin wankan jego. A sa shi a ƙirjinta fata da fata a lulluɓe su tare.

Wajen fita a ɗauki karnen lafiyar yaron, wato katinsa na asibiti, da duk maganin da aka ba shi, na farmasi da na mai tebur da na gargajiya, a faɗi gaskiyar abin da ya sha da lokacin da ya sha. Yaron da ba ya cikin hayyacinsa ba a goya shi a baya a lulluɓe, a rungume shi a gefensa inda ana ganin fuskarsa. In an isa, kada a bi layi a yi shiru. A je wurin ma'aikacin farko da aka gani a ce masa, “Malam, yaron nan ya yi jijjiga,” ko “Ya kasa shan nono tun safe,” ko “Soda ya sha ƙarfe huɗu.”